Hannun Gaba

Kututture ne ya ɓuya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara
bayan Utsjoki, ina bin garke da asuba.
Ƙas! Hannun hagu na babur ya tanƙware,
takalmin sulɓi ya karkace kamar mai harara.

Raimo ya shimfiɗa mini biyu a kan tebur.
Na kamfani babu, sai bayan sati shida.
"Wannan alminiyam ne, ba nauyi,
shi 'yan tsere suke so.
Wannan baƙin ƙarfe ne. Mummuna. Amma yana jin walda."

Na ɗaga na farko, sai ka ce cokali.
Na tuna ƙanena Oula, bara,
kilomita arba'in daga titi,
mai sheƙin ya karye masa gida biyu.
A rami ya kwana,
ya dawo da yatsu takwas.

Ƙarfe in ya sha duka lanƙwasa yake yi.
Ka gasa shi, ka miƙe shi da ƙeyar gatari,
ya rarrafo da kai gida.

Na auna faɗi sau biyu, na gwada ramin kusa.
"Ba ni mummunan, hagu da dama."
Ya ɗora mini giris, gyara.
Ƙarfe biyu na rana, waje har ya yi duhu.