Kibiyar da Ta Rage

Kwana uku na yi a bayan kasuwar Kara,
cikin warin gishiri da bagaruwa,
Baba Arzika na magana, ina rubutawa.
Manhaja yake so ta riƙe masa lissafin fata,
don idonsa ya fara faɗa da littafi.

Da dare, a ɗakina na Mabera,
fanka na juya zafi kamar mai tuƙa tuwo,
na buɗe kwamfuta.
Ni ba na zane da hannu,
rubutu nake yi, layi bayan layi:
mahauci, kibiya, dillali;
dillali, kibiya, majemi;
majemi, kibiya, mai rini,
har fatar jar akuya ta hau motar Kano.

Na danna sau ɗaya.
Na'ura ta kwashi kalmomina ta shanya su,
kowane suna da ɗakinsa,
kowane ɗaki da hanyarsa.

Sai guda ɗaya can gefe,
kamar rijiyar da aka daina ja:
Ɗan'ige.
Ba kibiyar shiga, ba ta fita.
Sau uku tsohon ya ambace shi,
ban tambayi aikinsa ba.
Na bi waƙafi, na bi baka,
ina neman laifin yatsana. Babu.

Da safe na ajiye masa takardar a kan tabarma.
Ya bi hanyoyin da farcen da jima ta rina,
yana gyaɗa kai, har ya iso gefen.
Ya daɗe a nan.

"Ɗiyata, wanga tare munka fara,
da fata bakwai da keke guda.
Shekara shida ke nan da rasuwa tai.
Duk ɗari in ta tashi,
biyu na gidansa ne, Gidan Igwai."

Na ce, "Bashi zan rubuta?"
Ya ce a'a.
"Sadaka?"
Ya dube ni kamar na taka masa salla.

Na koma na ƙara layi ɗaya:
ciniki, kibiya, Ɗan'ige.
Gurbin sunan kibiyar na bar shi fari.

Da na danna, zanen duka ya motsa.
Dillali ya matsa, majemi ya ja baya,
kamar sahu in wani ya iso a makare,
aka buɗa masa wuri a tsakiya.