Kifin da Ke Cin Dutse

Kawu Kalla ya dawo daga Bur Sudan
da tari, da akwatin kwano guda,
da labarin da ba mai saye a Zango.

Muna layin famfo da la'asar,
jarkoki arba'in a gabanmu, baki buɗe,
ya ce, a Bahar Maliya akwai kifi mai bakin aku.
Kore ne, da shuɗin zanen da ya kwana a marina,
da ruwan goro a gefen ido.
Garke-garke suke fita kamar tumakin Udawa,
makiyayarsu dutsen murjani.

Iya Tsahara ta shafa na wuyanta.
Wannan da ya ci mini akuya biyu?
Ya ce, danginsa. Can gari ne sukutum,
lungu cikin lungu, ya fi Birni ɓatar da baƙo.
Tsoma kai a ruwa ka ji su,
ƙurus, ƙurus, kamar yara sun sami aya.
Su kankare gansakuka, su haɗa da dutsen,
abin da ya fito ta baya farin rairayi ne.
Na kwanta a kai. Har salla na yi.

A'uzubillahi, in ji wani, kashin kifi?

Da dare, in ji Kawu, wani ya saƙa sange
da yauƙin bakinsa, ya shige kogo ya yi barci.
Wata ta shekara tana mace,
uban garke na mutuwa ta sake launi, ta koma namiji.
Nan 'yan garuwa suka riƙe ciki.
Teku ta taɓa Kalla!

Famfo ya yi kaki, ya kawo iska.

Ni na hau duwatsun Birni kafin magariba.
Mulmulallu, kamar an gaji da lasarsu.
Na kara kunne a jikin ɗaya.
Zafin yini kawai, da kukan jarkar da ba ruwa
a bayan jakin wani.

Bara da ya rasu muka fasa akwatin.
Carbi, fasfo da ya riga shi mutuwa,
da kwalbar turare cike da rairayi.
Iya ta zuba kaɗan a tafin hannu,
ta duƙa ta kara da na tsakar gida.
Namu ja ne.
Ta daɗe ba ta miƙe ba.