Ciwon Asuba

Motata ba ta da laifi da rana.
Daga Ƙofar Sauri har Batagarawa
sulu take tafiya, ba gargada.
Amma da asuba, in na murɗa makulli,
sai tari, sai shaƙuwa, sai kakari,
kamar dattijon da goro ya sarƙe.
Sitiyari na rawa, madubi na rawa,
ni ma cikina na rawa,
don bakwai da rabi ake ja layi a littafin sa hannu
a asibitin da nake awon jini.

Maƙwabcina Sama'ila ya ce batir ne.
Na sayi batir. Kuɗin taki ya tafi.
Wani direba ya ce man bumburutu ne,
wai har ruwa suke tsarmawa.
Na juye rabin tanki, na hure filta da baki,
ɗacin fetur ya kwana a harshena.
Gari ya waye: tari.
Yaran layinmu sun haddace lokacina,
kafin in yi kira sun jeru a bayan but,
ƙaraminsu har kirari yake mata:
"Ta Malam, sai da turi!"

Sau uku ina kai ta wurin Oga Nalado,
gindin bedi, can wajen Ƙofar Ƙaura.
Sau uku tana tashi bugu ɗaya,
tana mai da ni maƙaryaci a gaban yaran gareji.
Nalado ya goge hannu da tsumma, ya ce,
"Malam Zayyana, kai da ke aikin asibiti,
ka taɓa kama zazzaɓin dare da azahar?
Gobe kada ka taɓa ta. Ina tafe."

Ana fitowa masallaci ya iso.
An kwana ana yayyafi, bonet ya jiƙe sharkaf.
Bai zaro sifana ba.
Ya zaunar da 'yata Huwaila a gaban sitiyari,
ya ce, "Buga, 'yar Malam."
Ya karkata kai kamar mai sauraron gulma.
"Kik na juyawa da ƙarfi. Batir lafiya lau.
Tsohon ma, ina jin, an zalunce shi."
Na yi shiru.
Ya zaga baya, ya sunsuna bakin salansa.
"Ɗanyen mai. Ango ya zo, amarya ce ba ta fito ba."

Sai ya kashe tocila.
"Matso. Sake bugawa, Huwaila."

A cikin duhun nan na gan ta:
wuta shuɗiya, siririya kamar zaren ɗinki,
ɗas, ɗas,
tana tsalle daga wayar fulogi zuwa jikin inji,
tana ɓarar da kanta a hanya
kafin ta kai inda aka aike ta.

Ya ɓalle murfin distiributa, ya haska ciki.
Ga tsaga, ba ta kai kaurin gashi ba,
ga gumi ya kwanta a gefenta.
"Nan laima ke kwana.
Hantsi na yi ta bushe, ciwo ya ɓuya,
ka kawo mini mota mai murmushi."

Sabon murfi, wayoyi huɗu,
fulogi ya kankare musu baƙin hayaƙi,
ya gwada bakinsu da guntun zarto.
Duka kuɗin bai kai rabin na batir ba.
Ya sha kunun tsamiya a tsaye, ya hau babur.

Washegari, bugu ɗaya.
Yara na jere a bayan but, hannuwa a miƙe,
suna kallona kamar na ci amanarsu.
Na ce su shigo, na sauke su makaranta.

Ran nan wata tsohuwa ta miƙo mini hannu,
ta ce an auna ta sau uku, ba a ga komai ba.
Na ajiye allurar tukuna.
Na ce, "Inna, da wane lokaci yake taso miki?"