Shafi na Sittin da Bakwai

An ɗauke wuta a Wad Madani.
Na kunna fitilar waya, na jingina ta da kofin shayi.
Kundin Mu'utasim ne a gabana,
mai koren bango, bai gama warin gam ba.
Gobe da hantsi kwamiti zai zauna.

Babin farko ya wuce lafiya.
A na biyu na fara jin wani abu,
kamar ka ji takun ɗan gidanku cikin duhu.
Wannan jimla na san ta.
Waccan ma, har da waƙafin da ya zauna ba a muhallinsa ba.
Nawa ne.
Kundina ne na shekara ashirin da uku baya,
wanda na zaci ko gara ta gaji da shi
a can ƙuryar ɗakin karatu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.
Na zaro jan biro kamar mai shirin yanka.
Yaron da nake ba aron littattafai,
ɗan Mai Wurno kamar ni,
wanda uwarsa ke aiko mini da bandar kifi
tana cewa, ga amana nan, Dakta.

Sai shafi na sittin da bakwai.

Jadawalin laka a magudanar gonakin auduga,
kwana arba'in, awo arba'in.
Na bi da yatsa har layi na talatin da ɗaya,
yatsan ya ƙi gaba.
Wannan lamba ba ruwa ne ya ba ni ita ba,
ita da biyun da ke bin ta.
Kwana uku zazzaɓi ya kayar da ni a waccan damina,
ban je bakin ruwa ba, ban tsoma kwalba ba.
Na dubi ta sama, na dubi ta ƙasa,
na ƙaga abin da zai zauna tsakaninsu ba gardama.
Farfesa Abdurra'uf, Allah ya jiƙansa,
ya sa hannu, ya ce aiki ya yi tsaf.
Da wannan tsaf ɗin na sami kujera,
na yi aure, na ɗora ɗaki biyu,
nake tsayawa gaban aji ina wa'azin amana.

Yaro ya saci tukunya,
bai san tun daga wurin maginiya take da tsaga ba.

Wa ya sani?
Farfesa na ƙasa.
Magudanar an yashe ta ya fi sau goma.
In na yi shiru, mu biyu mun haye.
In na kama shi shi kaɗai,
a ce Dakta ba ya wasa, a ƙara gaishe ni da girma.
Laifi tudu ne, in ji mutanenmu,
ga ni tsaye a kan nawa ina hangen na yaro.

Har aka kira assalatu ban rintsa ba.
Takarda biyu na rubuta.
Ta farko ta ce kundin nan ba nasa ba ne,
a ba shi shekara ya auna da hannunsa.
Ta biyu ba ta kai rabinta ba, amma ta fi nauyi.
Sunana ne a samanta,
da lambar shafi, da layuka uku.
Abin da za su yi da ni ban sani ba.

Da safe na same shi gindin darbejiya,
wurin Hajja Batul mai shayi,
ya goge farar riga, yana ta maimaita jawabi.
Ya miƙe zai ba ni kujera.
Na ce, zauna, ka shanye tukuna,
yau ba daɗi za ka ji ba, ni ma haka.
In damina ta faɗi ka nemi kwalabe da takalmin roba,
ƙafa biyu, har da nawa.
Ruwan nan yana bin ka kwana arba'in.
Ni yana bi na uku.