Mafarkin Ƙadangare

Mu huɗu ne, na biyar janareta,
shi ya fi kowa ci a cikinmu.
Ɗakin na bayan shagon mai faci a Agege,
mun manna kwalin ƙwai a bango don kada maƙwabta su ji.
Sun ji.
Iya Risi mai abinci ta ce kiɗanmu
kamar rediyo ne ya faɗa rijiya bai daina magana ba.
Muka karɓi zagin hannu biyu, muka sa a aljihu.

Tanimu ya sayo ɗan akwati a kasuwar Alaba,
irin wanda ake takawa ya sauya wa jita murya.
Ashe lalatacce aka sayar masa.
In ya taka, sai sauti ya narke kamar man shanu a rana,
ya karkace, ya zagayo ta bayan kunne,
shuɗi ya koma ruwan goro,
silin ya fara numfashi.
Ba mu sha komai ba, wallahi, sai shayi da yunwa.

Folarin kan aro fiyanon cocinsu ranar Talata
ba tare da cocin ta sani ba.
Nkiru na rerawa da harshe uku,
wani sa'in da na huɗu wanda ita ma ba ta jin sa.
Ni ke kan ganga, ɗan mahaucin Oko-Oba,
babana ya ce fata dai fata ce,
amma shi tasa tana kawo kuɗi.

Faifai ɗari uku muka buga da kuɗin adashe.
Arba'in da ɗaya suka fita.
Bakwai na ƙarƙashin ƙafar teburin innata har yau,
ta ce ba su taɓa yin amfani kamar haka ba.

Wani mai ƙamshin turare ya kira mu Lekki,
ofis mai sanyi har haƙori na kaɗawa.
Ya ce ku yanke ta zuwa minti uku,
ku cire wurin nan da kamar jirgi ke nitsewa,
ku sa abin da ƙugu zai gane.
Tanimu ya ajiye biron a hankali kamar ƙwai.
A hanyar dawowa, cikin cunkoson gada,
Folarin bai ce uffan ba.
Kuɗin hayarsa ne muka bari a kan teburin nan.

Amma akwai daren Yaba.
Saman bene, mutum sittin, ruwa na shirin sauka,
aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa.
Ban tsaya ba. Hannuna ya ƙi.
Sai duhu ya buɗe baki,
mutum sittin suna yin kukan akwatin Tanimu da hancinsu,
har da karkacewar, har da inda yake shaƙewa.

Ba faɗa ya raba mu ba.
Tanimu ya yi zazzaɓi, ƙaninsa ya so ya faranta masa,
ya kai akwatin wurin mai gyara.
Ya dawo garau, yana kuka irin na kowa.
Muka zauna muna kallon sa kamar gawa.
Daga nan Nkiru ta samu aikin jinya a Ikorodu,
cocin ta sayi kwaɗo,
mai faci ya ba wa mai kaji ɗakin.

Jiya a danfo, kan doguwar gada,
lagun na ƙyalli kamar faranti,
wata yarinya ta jingina da taga, waya a kunne.
Abin da ke tsiyayowa daga kunnenta
na san shi kamar tarin babana.
Rediyon nan ne, har yanzu yana rijiya,
har yanzu yana magana.
Yatsuna suka fara bin sa a kan gwiwa.
Ta harare ni, ta matsa.
Kwandasta ya ce Oshodi,
na karɓi canjina, na sauka.