Sunan da ke Ƙarƙashin Fenti

A allon da suka kafa gabanta
an rubuta Aquila, wai Mikiya.
Na yi dariya har mai gadi ya waigo.
Shekarata tamanin da huɗu, ɗana,
bar ni in jingina da igiyar nan.

Mikiya? Wannan?
Ni na buga mata haƙarƙari.

A bayan cocin ƙauyenmu, gindin tsaunukan Emilia,
cikin rumbun da aka daina tara cuku,
Ermete ya ɗora fallen alminiyam kan kututture
ya ce, buga, amma kamar mai lallashin jinjiri.
Ƙanƙara ta sauka ta narke, muna bugu.
Duk wanda ya shinshina kujerarta a lokacin
sai ya ji cuku, ya ji fetur, ya ji guminmu.

Injiniya Tullio, mai alli a bayan kunne,
shi ya yi mata sunan yanka da lissafi:
ɗari da sittin da huɗu.
Lita ɗaya da ɗigo shida, silinda huɗu,
ba ƙari ba ragi,
kamar awon tela.
Mai kuɗin ya so a sa sunan matarsa.
Matar ta zo, ta zagaya motar sau ɗaya,
ta ce kada a liƙa sunanta
a jikin abin da zai ci ɗan wani.
Ta ɗauki lemarta ta fita.

Sai ranar tseren hawan dutse.
Ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Gaspare ne a sitiyari, ɗan mai gasa burodi,
gajere, sai da muka cusa masa bargo a baya.
A kwana ta tara fulogi ɗaya ya mutu.
Mun jiyo ta tun ba mu gan ta ba,
tana tari, tana tsallake numfashi,
uku na ja, ɗaya na barci,
ta ɓullo daga hazo tana ɗingishi
ba ta da niyyar tsayawa.
Nives mai sayar da kofi ta hau kan akwati
ta kwarma ihu: La Zoppa! Ga Gurguwa nan tafe!
Dutsen duka ya amsa.

Ta bakwai ta zo.
Wa ke tuna wanda ya zo na ɗaya? Ni dai na manta.

Suna linzami ne, in ji masu magana.
Tullio ya gyara ta har tana kukan zuma,
ta ci tsere biyu a bazarar da ta biyo,
amma ko a jarida, Gurguwa.
Ya yi fushi wata uku. Daga baya na ji shi
da dare, shi kaɗai, yana shafa bonet
yana kiran ta da shi.

Ba a yi mata ƙanwa ba.
Bashi ya cinye rumbun, ya haɗa da guduma.
Ta yi shekara ashirin kaji na ƙwai a mazaunin Gaspare,
har wani baƙo mai farin takalmi ya saya,
ya wanke, ya fesa ja a kan shuɗi,
ya ga Gurguwa ba ta da kasuwa.

To, ku riƙe Mikiyarku.
Amma in kana da tocila, ɗana,
durƙusa ta ɓangaren direba,
leƙa can ciki, bayan fedar birki,
inda buroshi bai kai ba.
Da ƙusa na karce shi, daren da muka sauko.
Haruffan sun karkace.
Hannuna na rawa a lokacin ma,
sai dai ba don tsufa ba.