Fayil Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ni ke buɗe ambulan a ofishin ɗaukaka ƙara,
ni ke buga hatimi, in rubuta rana.
Wa'adi kwana goma sha huɗu ne.
Wanda ya makara da yini ɗaya,
ko gaskiyarsa ta kai tsawon kogin Shannon,
sai in mayar masa da abinsa.

Ta Nuala Gilheany ta iso rana ta sha uku,
da laimar Leitrim a jikin takarda,
da Yuro ɗari biyu, kuɗin buɗe baki,
daga kuɗin man ɗumama ɗaki ta yanka.

"Ban yarda a sare dajin Malachy ba.
Rafin da shanuna ke sha ta ƙarƙashinsa ya biyo,
in an yi wa tudun ƙwal-kwabo, laka za su sha.
Akwai shirwa mai ƙwai a gefen gabas.
Gadarmu kuma ba ta ɗaukar tirela."

Na shiga ɗakin ajiya neman taswirar filin,
sai wata wasiƙa ta zamo ƙasa,
ta yi ja don tsufa, shekara talatin da ɗaya.
Hannu ɗaya ne, sai dai lokacin bai fara rawa ba:

"Ban yarda a dasa dajin Malachy ba.
Itatuwan nan baƙi ne, ba su san mu ba.
Za su jeru kamar sojoji,
su cinye mini hantsi,
su raba tagata da fitilar maƙwabta."

An dasa. Sun cinye hantsin.

Ranar zama Malachy Prior ya zo da sanda,
hula a kan gwiwa, gwiwar da ke jiran likita.
Ya ce, "Ni ba daji na dasa ba, fansho na dasa.
Shekara biyu ina jiran lasisi,
iska kuwa ba ta cike fom.
Bara ta kwantar mini da rubu'i a dare ɗaya,
ba wanda ya ɗaukaka ƙara a kanta."

Shugabar kwamiti ta jera wasiƙun biyu,
ta zare tabarau, ta tambaya a hankali:
"Baiwar Allah, wanne kike so?"

Nuala ta daɗe tana duban jakarta.
"Shekara talatin ina zaginsu kowace safiya.
Cathal ya kwanta dama. Yara sun tafi Perth.
Yanzu in na yi magana a tsakar gida,
su kaɗai ke amsawa."

Alƙalamina ya tsaya.
Fom ɗinmu yana da gurbin ruwa,
da na tsuntsu, da na hanya, da na kayan tarihi.
Wannan ba ta da gurbi.
Na rubuta: mai ƙara ta jaddada batun rafi.

Aka mayar da lasisin a sake duba ruwa.
Wata shida, in an yi sa'a.
Ba wanda ya ci, ba wanda ya yi godiya.

Ta taga na hango su, ana yayyafi,
bas ɗin ƙarfe huɗu ya riga ya wuce.
Malachy ya buɗe mata ƙofar tsohuwar motarsa,
ya ture igiya da galan daga kujera.
Ta shiga tana nuna shi da yatsa,
har suka sha kwana bakinta bai rufe ba.

Na buga hatimi.
Tawada ta yi ƙasa, sai da na maimaita.